Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don su leƙi teku.
Daga ƙofarmu zuwa shagon burodi
matakala ɗari da goma sha bakwai ne.
Shekara talatin ina taka su, ban taɓa ƙirgawa ba,
sai da ciwon suga ya hure fitilar idon Eleodoro.

Shi da ke ɗinke komar masunta a bakin gaɓa,
yana hango hadari tun yana bayan ruwa,
ya koma laluben cokalinsa da yatsu.
Ni kuwa na zama hannunsa, na zama ƙafarsa,
har bakinsa na zama:
in an ce masa yaya jiki, ni ke amsawa.

Wata Talata Nélida ta hauro,
ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga ofishin gunduma,
tana haki, igiyar takalminta ɗaya ta tsinke,
jakarta cike da takardu masu jiran sa hannu.
Na ɗauka sanda za ta miƙa ta juya.
Sai ta zauna. Ta sha shayinmu har kofi biyu.
Ta ce masa, "Zagaya da ni gidanka."
Na zabura zan riƙe shi, ta dafa mini hannu:
"Griselda, shi na roƙa."

Abubuwan da ta bari ba su cika tafin hannu ba.
Ɗigon busasshen gam a kan makunnin murhu.
Zoben roba ɗaya a kwalbar maganin safe, biyu a ta dare.
Faranti ta mai da shi agogo,
kifi a ƙarfe shida, dankali a ƙarfe uku.
Ta hana ni gyaran ɗaki na ba-zata,
wai kujerar da na matsar don ƙauna
ita ke fasa masa ƙwauri.
Wata huɗu tana kai da kawo a wani ofishi
kan hatimi guda da ya hana kuɗin tallafi fitowa,
har mai hatimin ya gaji da ganin fuskarta.

Amma ranar da ba ta fita raina:
ta riga ta rataya jaka, ƙafa ɗaya a waje,
ta waiwayo ta ce, "Ke fa? Yaushe rabonki da barci?"
Tun da abin ya faru ba wanda ya tambaye ni.
Na zubo kamar rufin kwanonmu a ruwan Yuni.

Yanzu duk Alhamis nakan gangara wani ɗaki bayan coci,
mu takwas, da biskit mai arha.
Akwai mai ɗa a keken guragu,
akwai wadda uwarta ba ta ji,
akwai Aurelio da 'yarsa ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.
Mu yi ƙorafin waɗanda muke ƙauna, mu yi dariya,
kowa ya koma gida kayansa ya ragu.

Jiya da safe ya ɗauki farar sandarsa.
"Burodi zan sayo."
Na cusa hannuwana cikin aljihu don kada su bi shi.
Ta taga nake jin sandar, ƙwas, ƙwas, ƙwas.
A ta arba'in da ɗaya, wadda girgizar ƙasa ta karkatar,
ya tsaya,
numfashina ya tsaya tare da shi.
Karen maƙwabta ya yi haushi, ya kira shi da sunansa,
ya wuce.

Ya dawo da burodi huɗu, ɗaya an gutsure shi a hanya,
da labarin cewa iska ta juya, za a yi ruwa kafin yamma.
Na ɗaga kai, sarari garau.
Na bar shanyata a igiya.
Ƙarfe uku na fita a guje ina kwasar jiƙaƙƙun kaya,
shi kuwa yana zaune bakin ƙofa,
yana mini dariya.